Shekarar da Baba Bai Shiga I'itikafi Ba

Ina aji biyu a jami'a, ina karatun lauya, sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula. Tare da mulkin aka ba mu sabon kundin tsarin mulki. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da baki tun ina ƙarama, sai ga shi an haɗa mini da doka. Ba na jin akwai waɗanda suka sha wahalar dimokuraɗiyya a duk Nassarawa GRA kamar mutanen gidanmu. Na haddace babi na huɗu, inda aka zayyana haƙƙoƙin da kowane ɗan ƙasa yake da su, ban kuma ga dalilin da zai sa in bar shi a cikina ba. Ana cin tuwo ina karantowa, ana wanki ina karantowa. Ba a jima ba sunana ya ɓace a gidan, kowa sai Lauya.

Umma ce babbar ɗalibata, ko da yake ba wata biyayya take yi wa malamar ba. Tana gyaran zogale a ƙofar kicin, ni ina kan kujerar tsuguno ina fassara mata. Da na zo kan 'yancin faɗin albarkacin baki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan da shi aka haife ni. Waɗanda suka rasa nasu su je su karɓa." Da na gaya mata doka ta kare sirrin mutum da na gidansa, sai ta ajiye faranti ta ce in ƙara faɗa da ƙarfi yadda Baba zai ji, ko ya daina buɗe mata kwalla yana neman alkaki. Shi Baba ba ya mayar da abin wasa sosai. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kusan duk a ƙarƙashin soja, kuma a gabansa aka taɓa shigowa ofis aka tafi da wani abokin aikinsa, iyalin mutumin suka yi watanni ba su san inda yake ba. Duk lokacin da na zo kan sashen da ya ce ba a tsare mutum ba tare da an gaya masa laifinsa ba, sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Maimaita wannan."

Gidanmu irin tsofaffin gidajen ma'aikata ne, gini kaɗan fili da yawa, darbejiya a bakin get, mangwaro a tsakiya, sannan boskwata a baya. A boskwatar nan Malama take haya tun ina firamare. Bazazzagiya ce, Kirista, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana koyarwa a wata makarantar firamare a Tudun Wada. Ɗanta ɗaya ne, a gidan ya tashi tare da yayyena, da ya sami aiki ya koma Kaduna. Ita ta gyara mini rubutu da bulalar rula, ita ce kuma ta fara cewa bakin nan nawa ko dai ya ciyar da ni ko ya sa a ɗaure ni.

Tsakaninta da Baba wasan Bakano da Bazazzage ne, kuma babu mai ɗaga wa wani ƙafa. Da safe in za ta fita makaranta, shi yana baranda da kofin shayinsa, sai ya ce, "Zage-zagi an fito? Yau ma da ƙafa, ko Kano za ta ba ku aron mota?" Ita kuma ta rusuna ta gaishe shi kamar abin kirki, sannan ta miƙe ta ce, "Alhaji, da ƙafar nan muka tako muka koya muku karatu. Da mun bar ku, da har yanzu ba ku san komai ba sai ciniki." Ya yi dariya har shayi ya zuba masa a riga. Da wannan muke sanin gari ya waye a gidanmu.

Akwai kuma al'adar taure. Kowace shekara in Kirsimeti ta matso, Malama takan sayo taure ta ɗaure a gindin mangwaro, ta zo baranda ta ce, "Alhaji, baƙo ya iso." Shi kuma ya ce, "Wuƙa tana nan." Ranar da safe Baba ya fito, ya fuskantar da dabbar alƙibla, ya ambaci sunan Allah ya yanka. Ba mai yanka ta rasa a cocinsu ba. So take mu ci, ta kuma san in Musulmi ne ya yanka za mu ci hankali kwance. Mu ma da Babbar Sallah cinya guda ta ragon layya tata ce, ba a ma tambaya. Ran Asabar da la'asar kuma matan zumunta na cocinsu kan taru a ƙofarta su yi bitar waƙa da tulu da caki. Umma daga kicin ta san wacce ce a cikinsu take saɓa wa sauran murya, ranar da ba ta ji ta ba har aikawa take a tambayo ko lafiya.

Shekarar da ta biyo baya aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano. Mu dai murna muka yi, babu abin ɓoyewa. Baba ya sa babbar rigarsa ya je taron, ya dawo murya a dishe, Umma ta yi sadakar waina. Mu a makaranta kullum cikin musu muke, wasu su ce tsarin mulki ya yarda, wasu su ce bai yarda ba, mu yi kamar za mu daki juna, a tashi kuma mu je mu sayi gyaɗa tare. Ban taɓa jin daɗin zama ɗaliba kamar a lokacin ba, don kowa ya sami bakin magana kuma babu mai waiwaye ya ga ko soja yana bayansa.

Ana cikin haka boskwata ta yi shiru. A farkon shekarar an yi tashin hankali a Kaduna, ɗan Malama ya ga abin da ya gani da idonsa, tun daga nan kuma wayarsa ba ta yankewa. Tarho ɗaya ne a gidan, a falonmu, ni ce mai zuwa kiranta. Sai ta tsaya ta riƙe kan tarhon da hannu biyu tana cewa, "To. Na ji. To, ɗana." Ta ajiye, ta yi godiya, ta fita ko zama ba ta yi ba.

Matan zumunta suka daina zuwa. Wata safiya Baba ya ce, "Zage-zagi an fito?" Ta ce, "An fito, Alhaji. Ina kwana," ta wuce. Na ga ya bi ta da kallo, kofi a hannu. Ya gwada washegari, ya sake gwadawa, daga nan shi ma ya koma "Malama, an tashi lafiya?" Ita kuma, "Lafiya lau, Alhaji, na gode." Ban taɓa jin gaisuwar ladabi da ta ba ni haushi irin wannan ba.

Azumi ya kama, kuma a shekarar Kirsimeti za ta faɗo ne cikin goman ƙarshe, daf da Sallah. Malama ta daina hura wuta da rana. A da ko da azumi girkinta take yi, har mu tsokane ta mu ce ƙamshin miyarta zai sa mu yi ramuwa. Yanzu sai burodi da shayin filas, a ɗaki, ƙofa a rufe. Wata rana da yamma na kai mata rabonta na ƙosai da kunun tsamiya, na tarar da kwalaye a bayan ƙofa, an cika wasu da littattafai an ɗaure da igiya. Ta ga na gani, sai ta zaunar da ni a bakin gado. Ta ce ɗanta zai zo da mota bayan Sallah ya kwashe ta, Zariya za ta koma, har ta fara yi wa shugaban makarantarsu maganar. Ta ce kada in gaya wa Alhaji, ita za ta nemi bakin da za ta faɗa masa.

Nan fa Lauya ta tashi. Na miƙe tsaye a tsakar ɗakin kamar ina gaban alƙali. Na ce mata sashe na arba'in da ɗaya ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama duk inda ya ga dama a Nijeriya, babu mai korar sa. Na ce na talatin da takwas ya ba ta 'yancin addininta, ta yi shi ita kaɗai ko cikin jama'a, a ɗaki ko a fili, har da waƙarta da tulunta. Na ce ita shari'ar ma da aka kawo, kotunanta Musulmi suke yi wa hukunci. Ta bar ni har na kai aya, tana murmushin malamar da ɗalibarta ta ci jarrabawa.

"Duk gaskiya ne, 'yata," ta ce. "Ban ce wani ya kore ni ba. Amma mutum ya zauna a gida yana auna numfashinsa don kada ya dami masu gida, wannan ba zama ba ne. Alhaji yanzu yana cikin kwamitin masallaci, idon jama'a yana kansa. Ba zan yarda a riƙa nuna shi da baki saboda ni ba."

Na fito ina hawaye, ina kuma jin haushi, don ban saba a kayar da ni a magana ba, balle a kayar da ni ba tare da an kawo sashe ko ɗaya ba. Tsoro ya kama ni sosai. Ban san gidanmu babu Malama ba, kuma na ga alamar da gaske take.

Na riƙe alkawari ban faɗa wa kowa ba, amma Umma ba ta buƙaci a faɗa mata ba. Malama ta dawo mata da turmin da ta ara tun ina sakandare, a wanke tas, har da taɓaryarsa. Umma ta dubi turmin, ta dube ni, ta ce, "Tafiya za ta yi." Na ce ni dai doka ta ba ni damar yin shiru. Ta ce, "Ai kin amsa."

Tun da Baba ya yi ritaya bai taɓa fashin i'itikafi ba. In goman ƙarshe ta zo, Umma ta haɗa masa tabarma da bargo da buta, ya tare a masallacin Juma'a, ba ma ƙara ganin sa a gida sai an ga wata. Tun azumi bai raba ba yake ɗokinsa, yana lissafa abokan da za su shiga tare. A wannan karon Umma ta haɗa kayan ta ajiye a bakin ƙofa, ya dube su ya ce a mayar, bana a gida zai yi ibadarsa. Abokansa suka aiko a ji ko jiki ne, ya ce lafiyarsa ƙalau, uzuri ne kawai. Umma ta tambaye shi wane irin uzuri, ya ce mata uzuri dai.

Sai kuma ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Da hantsi in ya gama karatunsa, sai ya fito da wuƙar yankansa, ya je bakin famfon tsakar gida, daidai inda tagar Malama take kallo, ya zauna yana wasa ta a kan dutse. Ya wasa, ya gwada a gashin hannunsa, ya ɗan dubi gindin mangwaro, ya ci gaba. Washegari ma haka, wanshekare ma haka, wuƙar da tun ranar farko ta yi kaifin da za ta aske gemu. Ga shi Ƙaramar Sallah ce ke tafe, babu layya balle a ce shirin rago yake yi.

Malama tana leƙe ta labule, abin ya ƙarasa tayar mata da hankali. Ta yafito ni ta ce, "'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah, me Alhaji ya ji? Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi i'itikafi, ya zauna a gida yana wasa wuƙa? In ba wani abu ake shirin yi a garin nan ba, me zai sa ya tsaya gadin gida?" Na ce ban ji komai ba, gari lafiya lau. Ba ta yarda ba, a ranar ta ƙara ɗaure wasu kwalayen, har da tukwanenta.

Na kai wa Umma tambayar yadda aka ba ni ita. Ta saki ludayi ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan fuskarta ta canja ta ce, "Wannan shirmen ya isa haka." Ranar jajiberin Kirsimeti ce, rana ta ɗan ɗaga, Baba yana baranda da Alƙur'aninsa, wuƙar tana gefensa tana jiran lokacinta. Umma ta ɗebi dawa a kwano ta fita, ta tsaya daidai tsakanin baranda da boskwata, ta fara watsa wa kaji tana yi musu magana da muryar da ake ji har bakin get.

"Ku ci abinku, ku dai kun huta, ba ku san kunya ba, ba ku san kara ba. Ni a gidan nan na ga abin al'ajabi. Wani ya bar ɗakin Allah ya zauna jiran taure, har wuƙa ta kusa ƙarewa a dutse. Wata kuma ta ƙi sayo tauren wai kada ta ja masa magana, ta kulle kanta tana ɗaure kwalaye tana cin busasshen burodi. Su biyun kuma duk da furfurarsu. In akwai wanda ya ji haushi, ga lauyata nan tsaye, ta ce gwamnati ta ba ni izinin magana."

Baba ya rufe Alƙur'ani a hankali. Can sai ƙofar boskwata ta buɗe, Malama ta fito ɗankwali a karkace, ta tako har gaban baranda.

"Alhaji, wai saboda ni ka bar i'itikafi?"

Baba ya mayar da idonsa kan kaji. "I'itikafi ba farilla ba ne, Malama, in Allah ya kai mu baɗi sai in yi. In na shiga ba ni da damar fitowa, to wa zai yanka miki? Na ga kin yi shiru, ni kuma da girmana ba zan zo in ce ina taurenki ba, sai ka ce naman nake kwaɗayi. Na ce ko kin sami mai yankan da kika fi yarda da shi."

"Ni cewa na yi kada mutanen masallaci su yi da kai."

"An yi maganar," ya ce. "Wani ya tayar da ita. Na ce masa maƙwabciyata ce, da sunan Allah nake yankawa, kuma shari'ar nan da muka yi wa murna ita ta ɗora mini haƙƙinta a wuya. Ya faɗi nasa, na faɗi nawa, muka yi salla a sahu ɗaya." Sannan ya ce, "Kwalayen me na ji ana faɗa?"

Malama ta sa gefen zani ta share ido ta ce, "Wuƙar nan ta hana ni sakat, Alhaji. Na ɗauka gari ne zai tashi."

Baba ya dubi wuƙar, ya dubi tagar da ya yi ta zama a gabanta, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da mu ji ta an daɗe. "Ikon Allah. Mutum ya yi ta yi wa Bazazzage ishara, ashe sai an rubuta masa a allo."

"Da ka buɗe baki ka yi magana kuɗi za a caje ka?" in ji Malama, tana kuka tana dariya. "Bakano dai ko magana ce sai ya ga riba zai yi."

Umma ta juye sauran dawar ta ce rana tana yi, taure kuma ba zai kawo kansa ba. Baba ya tayar da tsohuwar motarsa, Malama a baya, ni a gaba a matsayin lauyan ɓangarorin biyu, muka nufi 'yan awaki. Tun daga get suke faɗa a kan wanda ya fi sanin dabba. A kasuwa mai awakin ya ɗauka na Sallah ne, Baba ya ce masa na Kirsimetin Malama ne, mutumin ya ce to Allah ya sa a yi lafiya, ya janyo wani jan taure mai ƙiba ya ce wannan ne ya dace da biki. Malama ta duba haƙora, Baba ya matsa gadon baya, kowa ya ce shi ya fara hango shi. Muka sa shi a but ɗin motar, ya yi ta kuka har muka ratso Badawa, Baba yana cewa da jin muryar wannan daga Zazzau aka kawo shi.

Ranar Kirsimeti da sassafe Baba ya yanka, mahaucin unguwa ya feɗe, Malama ta tafi coci ta bar wa Umma nama. Da ta dawo ba ita kaɗai ta dawo ba, matan zumunta ne a bayanta da ankonsu, suka tsaya a bakin get suna jan ƙafa. Umma ta leƙo ta ce su shigo mana, ko gidan baƙo ne. Aka hura wuta a tsakar gida da rana tsaka, aka ɗora shinkafa, aka fara suya. Ban taɓa yin azumi mai wuya kuma mai daɗi irin na ranar ba. Ƙamshi ya cika gidan, ni ina yankan albasa ina haɗiyar yawu ina istigfari. Umma kuwa ta sami abin da take nema, duk miyar da ta haɗa ta buɗa-baki sai ta miƙa wa Malama cokali ta ce, "Ke da ba kya azumi, ɗanɗana mini gishirin nan." Da la'asar aka buga tulu, mai saɓa murya ta saɓa son ranta.

Da aka kira magariba muka sha ruwa da dabino, muka yi salla, sannan muka zauna wa shinkafar Kirsimeti. Baba ya sa aka zuba a babban kwano ya kai wa abokansa masu i'itikafi da kansa, ya kuma gaya musu daga inda ta fito. Wasu suka ci har da neman ƙari, wasu suka ce sun gode sun ƙoshi, babu wanda ya yi wa wani dole. Ya dawo da kwanon babu komai a ciki.

Amma kwalaye suna nan a ɗaure a bayan ƙofa. Umma ta gaya wa Baba komai, shi kuma bai sake tayar da maganar ba. Aka ga wata, muka yi Sallah, Malama ta taya mu tuƙa tuwo ta ci ta yi santi, duk da haka ba ta kwance igiya ko ɗaya ba. Ni dai ina cin naman Sallah ne kawai, zuciyata tana boskwata.

Washegarin Sallah da hantsi ɗanta ya iso da motar a-kori-kura da direba. Ya tsuguna ya gaida Baba kamar yadda ya saba tun yana yaro, aka shimfiɗa tabarma a baranda, Umma ta kawo masa tuwo. Bai taɓa tuwon ba. Ya ce, "Baba, ba don na raina riƙon da kuka yi mana ba ne. A gidan nan na girma. Amma na ga maƙwabta da suka fi haka daɗewa tare, na kuma ga yadda aka ƙare. Ita kaɗai gare ni."

Na buɗe baki zan kawo sashe, Umma ta mintsine ni a cinya na rufe.

Baba ya ce, "Tsoronka ba na banza ba ne, ɗana, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Gari na Allah ne. Abin da na sani, muddin ina numfashi, abin da zai same ta sai ya fara ta kaina. Amma ba ni zan yanke ba, ba kai za ka yanke ba. Ita ke da ikon kanta. In ta ce tafiya, da hannuna zan taya ka ɗora kayan."

Duk muka juya muna kallon Malama. Tana zaune a gefen tabarma, hannuwa a kan gwiwa. Ta tashi ta nufi boskwata, ta shiga, ta daɗe. Direba ya sauko ya buɗe bayan mota ya fara warware igiya. Na ji kamar in je in riƙe masa hannu.

Da ta fito ba ta ɗauko komai ba. Ta tsaya a tsakar gida ta sa hannu ta kare rana tana duban saman ɗakinta, sannan ta juyo.

"Alhaji, tun da ga ka ga ɗana, bari in faɗa a gaban shaidu. Rufin ɗakin nan yana yoyo ta wajen kan gado, daminar da ta wuce da roba na yi ta tarar ruwa. Na yi shiru ne don na ɗauka ba zan sake ganin ruwan Kano ba. Ka nemo kafinta tun yanzu, kada sai hadari ya haɗo a fara neman kwanon rufi."

Sama fes take, damina kuwa da sauran watanni. Ɗanta ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama." Ta zo ta dafa kansa ta ce, "Za ka riƙa zuwa, ni ma zan riƙa zuwa. Ci tuwonka kada ya huce, ka kira direban nan shi ma ya ci."

Baba ya tashi da babbar rigarsa ta Sallah ya zagaya bayan gida, Umma tana tambayar sa ina kuma za shi. Sai ga shi ya dawo yana jan tsani da hannu ɗaya, yana share ido da hannun riga, yana tambayar Malama ta wace kusurwa ta ce ruwan yake zuba.